Shayin da Ya Tsaya a Ƙofa

Ranar da Dogo ya fara ganin Auta, rabin fuskarta na cikin baƙin tabarau na kariya. "Malam, ɗaga hannunka daga teburin nan," ta ce, "kana girgiza mini madubai."

Leza ɗaya suke rabawa a ɗakin bincike. Na'urar tana harba hasken infrared, wanda ido ba ya gani, cikin walƙiya gajera ƙwarai, don a kama rawar da ƙwayoyin abu ke yi. Shi gas yake aunawa, ita furotin. Kafin wata uku, kowace safiya yana kawo mata shayi mai zafi, ya ajiye gefen akwatin gwaji.

Da manyansa suka je tambaya, mahaifinta ya ce, "Sai Auta ta gama digirinta. Aure da karatu ba sa haɗuwa." Haka ake ta faɗa, amma ba a taɓa nuna wanda ya auna ba.

Sai aikin ya ƙi. Wasu siraran layuka suka riƙa hawa kan zanen sakamakonta, suna rufe rawar furotin ɗin. Saura wata biyu ta miƙa aiki, in ba haka ba a ƙara mata shekara, auren ma ya ja baya.

Wata safiya Dogo ya daɗe yana kallon zanen, ya ɗauki kofin shayin ya fita. Washegari bai shigo ba, jibi ma haka.

Ta tura masa saƙo: "In sharaɗin Baba ne ya gajiyar da kai, ka faɗa mini kawai."

Amsa ta zo: "Haskena, layukan nan na san su kamar 'yan gidanmu. Tururin ruwa ne. Kina buɗe akwatin ki sa samfur, shayin da nake kawo miki na huci a gefe. Na janye kwana uku don in tabbatar. Duba na yau."

Ta duba. Zanen ya fito tas.

"Ashe kai ne maƙiyin nawa," ta rubuta.

"Ni ne. Shayinki na kan benci a waje."

Ta miƙa aiki saura kwana tara wa'adi ya cika. Ranar ɗaurin aure mahaifinta ya riƙe hannun ango ya ce, "Ka gani? Da na bari, da ba ta gama ba."

Dogo ya sunkuyar da kai. "Gaskiya ne, Baba."

Auta ta danne dariya cikin mayafi lokacin da labarin ya iso mata. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka. Shayi dai har yau a ƙofa yake tsayawa.