Kwalbar Yaya Zaleha

Ana kiran magariba na koma ɗakin gwaji don in auna na'urar gane haske. Ruwan sama na dukan kwano a garin Penang, kowa ya tafi masallaci.

Aikinmu na haƙuri ne. Ka narkar da hodar sinadari a 'yar kwalba, ka ajiye, zarurrukan da suka fi gashi siranta su jera kansu. Da su muke yin na'urar. Sharaɗi ɗaya ne, kada kwalbar ta motsa.

Ta Yaya Zaleha, babbarmu a ɗakin, ta kwana goma sha ɗaya a kan kantar kwalabe, na ture ta da yatsa don in sa tawa. Zarurrukan suka cure. Ban faɗa mata ni ce ba.

"Hannuna ne ba kyau, Izzati," ta ce da ni tana dariya. "Sai in sake."

A hanyar zuwa sakewar ne mota ta kaɗe babur ɗinta. Wata huɗu ke nan da rasuwarta, kuma na'urar da nake aunawa tata ce.

Na sa na'urar a akwatin duhu, na rufe, na kashe fitila. Inda babu haske, layin da ke allon kwamfuta kwance yake zama.

Layin ya ɗaga.

Na laluba murfin. A rufe yake ruf.

Sai ƙamshin man zafin da Yaya Zaleha take shafawa a goshi ya cika ɗakin. Daga kan kantar na ji ƙil, ƙil, kwalabe na taɓa juna.

Layin ya ƙara hawa. Wani sanyi ya tsaya a bayan wuyana.

"Izzati." A hankali, dab da kunnena. "Wa ya taɓa?"

Na nemi addu'a, harshena ya ƙi.

"Wa ya taɓa min?"

"Ni ce, Yaya."

Layin ya faɗi. Ban san yadda na sami ƙofa ba, na dai tsinci kaina cikin ruwa ba takalmi.

Washegari na faɗa wa Farfesanmu komai, aka sa sunan Yaya Zaleha a farkon takardar bincikenmu. Mahaifiyarta ce har yau na kasa tunkara, kunya ta hana ni.

Tun daga ranar zare bai ƙara jeruwa a kwalbata ba. Nakan zagaye gindinta da alƙalami kafin in tafi gida. Da safe sai in tarar ta gusa, daidai faɗin yatsa ɗaya.