Zafin Injinan Tanimu

Ku matso, ku rage murya. Wannan labari ba a ba da shi da ƙarfi.

Akwai wani mutum, Tanimu, mai sana'ar haɗa kwamfutoci. Wata kwaleji a ƙasar Zazzau ta ɗauke shi ya kafa mata injinan da za su riƙa karɓar imel na malamai da ɗalibai. Aka ba shi wani tsohon ɗakin ajiya a bayan makaranta, mai kaurin bango, ba taga.

Tanimu gwani ne. Ya jera injina uku, ya haɗa su da babbar ma'ajiya guda wadda yake kira rumbu. Duk saƙon da ya shigo, rumbun yake zuwa. In inji ɗaya ya mutu, 'yan'uwansa su ɗauki kayansa nan take, ba wanda zai sani. Abin alfaharinsa ke nan.

Sai dai injinan suna fitar da zafi, na'urar sanyaya ɗaki kuwa ba ta iso ba. Tanimu ya duba ƙasan bango, ya ga wani rami da ya gangara cikin ƙasa. Ya zura bututu a ciki, ya sa fanka tana tura zafin. Ya san abin da kowace uwa ke gaya wa ɗanta: ba a zuba ruwan zafi a rami ba tare da bisimilla ba, don akwai masu zama a ƙasa, suna da 'ya'ya. Ya tuna. Ya ce a ransa, ai iska ce, ba ruwa ba.

Ran Juma'a ya fara kwashe tsofaffin saƙonnin kwalejin zuwa sabon rumbu. Aiki ne da ba ya son yankewa, in an yanke, abin da ke hanya sai ya lalace. Kowa ya tafi masallaci, shi ya zauna gadi. Rana tsaka. Ya kulle ƙofa ta ciki.

Sai ya ji kukan jariri. Siriri, kamar daga cikin tulu.

Ya waiwaya. Mace ce tsaye, da goyo. Ƙofa na nan a kulle.

Leɓunanta suka motsa, suka tsaya. Sannan muryar ta zo, daga ƙarƙashin daɓe.

"Bawan Allah, kai ne mai hura wutar nan?"

Tanimu ya sunkuyar da kai. Ya ga ƙafafunta. Dugadugan ne ke fuskantarsa.

"Ni ne, baiwar Allah."

"A kan shimfiɗar ɗana take sauka. Kashe ta."

Ya ce zai zare bututun. Ta ce in ya taɓa shi, hannun ba zai dawo ba, gidan mutane ne yanzu ya kutsa. Ta ce ya kashe abin da ke haifar da zafin kawai.

Ya dubi allo. Kwashewar ta kusa ƙarewa. Ya miƙa hannu ya kashe inji ɗaya. Ya san abin da zai faru. Sauran biyun suka ɗauki kayan, fankokinsu suka ƙara gudu, bututun ya yi zafi kamar bakin murhu. Kukan ya ƙaru.

"Ka kashe?"

"Na kashe ɗaya."

"To, wa ya tashi?"

"'Yan'uwansa. Haka aka yi su, Iya."

"Wa ya yi su haka?"

Tanimu ya kau da kai. Babban makunni na nan a bango, kusa da kafaɗarsa. Danna ɗaya, da injina da rumbu duk su yi shiru. Amma ya tuna takardun ɗalibai da ke cikin saƙonnin nan, da fuskar shugaban kwaleji, da sunansa na gwani.

"Ki ɗan yi haƙuri, Iya. Saura kaɗan."

Ba ta zage shi ba. Ta tsaya tana jijjiga goyon, tana kallon allon tare da shi. Layin da ke nuna ci gaban kwashewar yana ja, a hankali. Kukan ya koma shessheka. Shesshekar ta koma numfashi.

Layin ya cika. Tanimu ya danna makunnin da sauri. Ɗakin ya yi tsit. Ya kasa kunne. Bai ji komai ba.

"Ya yi barci ne?"

Ta gyara majanyi, ta ja zane ta rufe kan yaron ruf.

"Aikinka ya kammala?"

"Ya kammala."

"Madalla." Ta ɗora tafinta a kan rumbun. "Tunda su ne ka fi so kada su mutu, ba za su mutu ba."

Fitilun injinan suka kama da kansu, alhali makunni a kashe yake. Da ya ɗago, ba kowa.

Har yau suna nan. A ɗauke wuta, suna aiki. Man janareta ya ƙare, suna aiki. Bututun kuwa sanyi yake busowa, irin na cikin rijiya. Baƙi suna zuwa kallo, suna tambayar wane gwani ne ya kafa su. Tanimu ya bar sana'ar, yana gyaran rediyo a Tudun Wada. In aka yabe shi, sai ya tashi ya bar rumfar. In mace mai goyo ta wuce, yakan bi ta da ido har sai ya ga yaron ya motsa.

Ku kuwa, in karatu ya kai ku can, kada ku bi ta bayan ɗakin nan ku kaɗai da tsakar rana. In kun ji ana jijjiga goyo ba a kuka, kada ku tambaya.