Hannun da ke Cikin Randar Sifu Tam

Ku matso ku ji, abin nan ko sati bai yi ba, kuma daga bakin mai ita na ji shi, don kujerarmu ɗaya a aji.

Sunanta Lok Pui-san. In kun san layin masu gasa agwagwa a tsohon garin Foshan na nan ƙasar Sin, to a ƙarshensa gidan Sifu Tam yake, wato Malam Tam, mai koyar da kung fu. Ba irin na tsalle da juyi a sama ba. Nasa na kare kai ne: in an riƙe miki hannu ya za ki yi, in an shaƙe ki a lungu ya za ki yi. Uwarta ce ta kai ta, bayan wani ƙato ya damƙe mata wuyan hannu a tashar mota ta rasa yadda za ta ƙwace.

Matsalar Pui-san ɗaya ce, ƙyanƙyami. Yarinyar da sai ta goge kujera kafin ta zauna. Shi kuwa wannan salon rabinsa manne hannu ne. Ku tsaya ku biyu, damtsenki a jikin damtsen abokiyar yi, kuna murzawa kuna juyawa, kowa na laluben ƙofar da zai kai hannu jikin ɗaya. Ba a rabuwa sai wani ya taɓa wani. Kuma kullum da wa ake haɗa ta? Da Inna Mak, mai sayar da kifi a kasuwa, wadda daga teburinta take wucewa horo ko wanka babu.

"Ke 'yar gayu, riƙe ni mana, ba na cizo," in ji Inna Mak tana dariya, gumi na gangarowa daga gwiwar hannunta, ga ɓawon kifi manne a fatarta.

Pui-san sai ta riƙa janye hannu. Tana janyewa, tafin Inna Mak ya sauka a ƙirjinta.

"Kin gani?" Sifu Tam zai ce, ko kallonta bai yi ba, yana kurɓar shayi. "A gidan nan duk wanda ya ja baya binsa ake yi. Ke kike jawo ta."

Ran Talata da yamma, bayan an tashi, damatsanta duk sun yi shuɗi. Matar Sifu, da ake ce wa Simo, ta juya hannun ta duba, ta miƙo mata kwalba.

"Je ki ɗakin baya ki ɗebo magani a babbar randa. Da ludayi. Kin ji ni? Da ludayi."

Maganin shafawa ne na ciwon duka, saiwoyi da ɓawon itace da aka jiƙa a giyar shinkafa. Kowane gidan horo na da nasa. Amma na Sifu Tam, tun zamanin malamin malaminsa ba a taɓa wanke randar ba, sai dai a ƙara giya. Ga kuma al'adar gidan: in ka gama shafawa da tsumma, ba ka yar da sauran. Matse shi kake yi ya koma ciki, wai kada ƙarfin ya fita daga gida. Gumin kowa, jinin kowa, na shekara ɗari.

Pui-san ta san wannan. Tun a tsakar gida ta fara toshe hanci.

Rana ta kusa faɗuwa. Ɗakin baya taga ɗaya gare shi, ƙarama, hasken da ke shigowa ja-ja. Daga layi tana jiyo ƙarar wuƙar mai agwagwa a kan katako, da rediyon wani. Randar na kusurwa, baƙa, tsayinta bai wuce ƙugu ba. Ta ɗaga murfin.

Warin ya buge ta. Giya, da ruɓaɓɓen ganye, da wani abu a ƙarƙashi kamar naman da ya kwana uku a ruwa. Saman maganin ya yi yanar maiƙo. Akwai gashi a ciki, dogo, fari.

Ludayin gora na rataye a bakin randar. Mariƙinsa ya yi baƙi ya yi yauƙi don hannuwan mutane. Ta ce a ranta ita kam ba za ta taɓa wannan da fatarta ba. Sai ta zaro leda daga aljihu ta naɗe mariƙin, ta riƙe da yatsa biyu, ta tsoma.

Leda da yauƙi. Ludayin ya sulluɓe. Ko ƙara bai yi ba, ya nutse.

Ta tsaya tana kallon wurin da ya shige. Ludayin malamin Sifu ne, kowa ya sani. Ta tuna fuskar Simo. Ta ce ai randar ba zurfi, hannu ɗaya ne, ta wanke da sabulu sau goma.

Ta naɗe hannun riga. Ta ɗauke numfashi. Ta tsoma.

Sanyi. Kauri kamar kunu. Saiwoyi na shafar yatsunta, wasu na narkewa in ta taɓa. Ta kai gwiwar hannu ba ta ji ƙasa ba. Ta ƙara kaɗan.

Sai wani abu ya jingina da wuyan hannunta.

Ta ɗauka saiwa ce. Ta kauda hannu gefe. Abin ya biyo ta. Ta mayar ɗaya gefen. Ya biyo ta, a hankali, bai matsa ba, bai saki ba.

Ta san wannan taɓawar. Wata huɗu tana jin ta kullum.

Damtse ne. Na mutum.

Ya kumbura, ya yi laushi. Da ya murza a jikin nata sai ta ji fatarsa na zamewa a kan ƙashi, kamar ɓawon dafaffen tumatir. Wani ɓangaren ya saɓule ya manne mata.

Ta fizge.

Ya biyo. Ya haura daga wuyan hannu zuwa tsakiyar damtse, ya danna ƙasa, sai ga ta a durƙushe, haɓarta ta bugi bakin randar.

Ta buɗe baki za ta kira Simo. Warin ya cika bakin, murya ta ƙi fita.

Rediyon layi ya ɗauke. Wuƙar mai agwagwa ma. Ba abin da take ji sai maganin na motsi, lak, lak.

Ta sake fizgewa. Ya sake haurawa. Yanzu yana gwiwar hannunta, maganin ya jiƙa mata riga har hammata. Yatsunta sun fara mutuwa. Ta gane in ta sake ja sau ɗaya, kafaɗa zai kama, daga kafaɗa sai kai.

"Don girman iyayenka," ta ce da raɗa, "sake ni."

Daga can ƙasa kumfa ta taso, guda uku, ta fashe a gaban hancinta. Hannun ya juya nata, ya ɗaga, ya sauke. Ya juya, ya ɗaga, ya sauke. Ba riƙe ta ya yi ba. Ko yatsa ɗaya bai kama ba. Wasa yake yi da ita, irin na gidan, kuma ya iya. Ya fi Inna Mak nesa ba kusa ba.

Ba a rabuwa sai wani ya taɓa wani.

In shi ya taɓa ta, a ina zai taɓa? Ƙirjinta na waje. Sai ya shigar da shi ciki, ko shi ya fito.

Hawaye na zuba mata, ta daina ja. Ta saki kafaɗa. Ta manna damtsenta a jikin ruɓaɓɓen nan da kyau, fata da fata, ta bi shi. Ya juya, ta juya. Tana jin wani abu na fashewa a ƙarƙashin fatarsa duk lokacin da ta danna. Ta ci gaba.

Zagaye ɗaya. Biyu.

A na biyar ta ji gwiwar hannunsa ta ɗan buɗe.

Ta rufe ido ta shige gaba. Gaba ɗaya. Kafaɗa ta nutse, kuncinta ya nutse, maganin ya shiga kunnenta da gefen bakinta, ɗaci da gishiri. Ta miƙe hannu iya tsayinsa.

Tafinta ya sauka a kan fuska.

Laushi, kamar awara da ta jiƙa. Hanci ya lotsa ƙarƙashin tafin. Babban yatsanta ya shige wani rami, ta ji haƙora.

Bakin ya motsa. Murmushi yake.

Sai hannun ya bar nata.

Ta faɗo baya ta zube a ƙasa, ta yi ta amai har ba sauran komai. Rediyo ya dawo. A haka Simo ta same ta, kwalba a fashe a gefe, ga ludayin yana yawo a saman randa kamar an miƙo shi.

Simo ba ta yi faɗa ba. Ta mayar da murfin, ta kira mijinta. Sifu Tam ya zo da kofin shayinsa a hannu, ya dubi hannun yarinyar, ya dubi randar.

"Wa ya taɓa wani?"

"Ni," in ji Pui-san.

"A ina?"

"A fuska."

Ya ajiye kofin a ƙasa a hankali. Ya ce wa matarsa, "Yaya Hoi ne. Har yanzu gwiwarsa na buɗewa." Wai babban ɗalibin malaminsu ne, tare suka taso, ya fi kowa zubar da jini a gidan, duk an matse shi a randar nan, ya mutu shekara talatin da wani abu. Tunda Sifu yake bai taɓa kai hannu fuskarsa ba.

"Tsoho, ka bar tarihi," Simo ta ce. "Faɗa mata sauran."

Sifu ya shafa kai. "Yarinya, kin ci. Hannunki naki ne. Amma ɗan gidan nan in an taɓa shi, yana da damar ya nemi a sake."

"Ba zan ƙara zuwa kusa da randar nan ba."

"Kada ki zo," ya ce. Sannan ya ƙara, "Ki riƙa wanka da famfo. Ban da baho."

Suka ɗora turmin dutse a kan murfin.

Hannun Pui-san yana nan, yana aiki, har rubutu tana yi da shi. Sai dai daga yatsu zuwa kafaɗa ya yi yamushi, fari fat, kamar na wadda ta wuni tana wanki, kuma bai koma daidai ba. Ta nuna min a banɗaki, na taɓa, sanyi ƙalau. Tana zuwa horo har yanzu. Ran Alhamis ta taɓa Inna Mak sau shida a jere, Inna Mak ta zauna a benci tana haki tana cewa, "'Yar gayu, me kika ci?"

To jiya layinmu ne da sharar aji. Ita aka ba gogen tebura. Ta zo ta tsaya a kan bokiti da tsumma a hannu, ta daɗe tana kallon ruwan, sai ta ce min a hankali, "Mu yi musaya, ki ba ni tsintsiya."

Na karɓa. Ni na tari ruwan nan da kaina a famfo, fari tas. Na tsoma hannu har gwiwa, ina sane, don in gani. Ba abin da ya taɓa ni. Ba ni ake nema ba.

Amma da na ɗago tsumman na matse, baƙi ya zubo, yana warin giyar shinkafa.