Ranar Da Aka Ɗage Shingen Gada

"Kowa ya kwanta!"

Gaspard ya maka gindin bindiga a kan gilashi. Tsakar rana ce, ranar kasuwa, a shagon gwal ɗaya tilo na garin. Kafin mai shago ya gama roƙo, Gaspard da Yvon sun tura akwatinsa na ƙarfe cikin motar kaya.

Maud ce a sitiyari. Shekara biyu tana yi wa Gaspard murmushi, zuciyarta na tafasa. A wani aiki ya bar ƙanenta Rémi kwance a titi da harsashi a ciki, ya ja mota. Ya ɗauka ta haƙura. Wawa.

"Taka, 'yar ƙauye! Jiniya nake ji," in ji Gaspard.

"Sun tare babbar hanya, oga. Akwai gada bayan gonarmu."

Ta karya kwana — ramuka, ciyawa, kashin tumaki. Shekara talatin ke nan da rufe gadar, don ta tsufa, ba ta iya ɗaukar mota. Sai dai duk ranar hawa da tumaki kan dutse, makiyaya kan ɗage shingen, su tsallakar da su goma-goma, sannan su mayar. Yau ma ranar hawan ce. Ɗan birni ina zai sani? Gaspard ya ga hanya buɗe da sabon sawu, hankalinsa ya kwanta.

Ta taka birki a bakin gada. "Bari in duba ta a ƙafa. Yvon, zo mu je."

"Zauna, Yvon," in ji Gaspard. "Rakiyar amarya za ka yi?"

Yvon ya yi dariya. Shi kaɗai cikinsu ya zo jana'izar Rémi. Kalma ɗaya za ta fitar da shi, amma ita ce kuma za ta farkar da Gaspard. Maud ta haɗiye ta, ta rufe ƙofa.

Ta taka har tsallake. Ta san halin mutuminta, ba ya jiran kowa. Jiniya ta matso. Gaspard ya faɗa kujerar direba, ya ba mota wuta, ya nufo ta gadan-gadan.

Tsakiyar gada ta yi ƙara — ta buɗe! Duwatsu, ƙarfe, mota, duk suka rufta kogi.

Hanya na buɗe a bayanta, babu mai iya tsallakowa. Amma ta zauna a ƙasa.

Wani jandarma cikin masu bin su ya leƙa ramin, ya ɗaga murya daga can tsallaken. "Malama, mutum nawa ne a ciki?"

"Biyu," ta ce, hawaye na zuba. "Ɗaya na zo kashewa."