Shaidu Talatin a Shagon Mai Gyaran Agogo

Ranar da Likita ta fara ganinsa, yana tsaye cikin tafki, ruwa har gwiwa, yana gyaran injin ban ruwa. Ba likita ba ce, a ɗakin gwaji take aiki, mutanen gida ne suka laƙaba mata sunan. Tsintar dodon koɗi don bincike ce ta kawo ta.

"Malam makanike, fito! Akwai tsargiya a ruwan nan."

"In na fito, wa za ki yi wa faɗa?"

Ashe cutar, mai sa fitsarin jini, ta riga ta kama shi. Ita ta raka shi asibiti, ya sha magani ya warke. Daga nan saƙonni suka kankama: "Sarauniyar Koɗi, jikina ya warke, amma tunaninki ya ƙi jin magani."

Sai ɗan kawunta, wanda ya daɗe yana sonta, ya tsegunta wa mahaifinta cewa Makanike ya yi fitsarin jini. Baba, dattijo mai gyaran agogo, ya ɗauka ciwon neman mata ne.

"Ba zan ba wa ɗan iska 'yata ba."

"Baba, tun shekarar 1915 masana suka tabbatar cewa a jikin dodon koɗi tsutsar tsargiya take girma, kuma a ruwa ake ɗaukarta."

"Sai idona ya gani."

Ta kawo dodon koɗi talatin daga tafkin, ta sa kowanne a kwalbarsa, ta jera su a rana don hasken ya sa tsutsar ta fito. Babu abin da ya fito. Sai ta yi masa bayani: idan tsutsar ta shiga jikin dodon, sai ta zama jaka, jakar ta haifi waɗansu jakunkuna, kuma sai bayan kamar mako huɗu 'ya'yan suke fitowa.

"Na ba ki wata guda," in ji Baba. "Amma a shagona za su zauna, kada a yi mini wasa da hankali."

Shi da kansa yake sauya musu ruwa, yana ba su ganyen latas.

"Yaya shaiduna?" Makanike ya rubuto.

"Tara sun mutu, Makanikena. Ka dage da addu'a."

Rana ta ashirin da shida, da hantsi, Baba ya maƙala madubin gyaran agogo a ido, ya duƙa kan kwalba ta huɗu. Ya daɗe bai ɗago ba. Likita ta riƙe bakin tebur. Ƙananan halittu masu wutsiya mai baki biyu ne suke ta iyo a ciki, ba su ƙirguwa.

"Subhanallahi," ya ce a hankali. "Na zalunci yaron nan. Ki ce iyayensa su zo."

Ta zauna a kan benci, hawaye na zuba, tana dariya.

Ranar ɗaurin aure, Baba ya kama hannun ango a gaban jama'a.

"Na zarge ka da abin da ba ka aikata ba. Ka yafe mini."

"Haba Baba, ai tsakanin ɗa da uba babu wannan."

"To, ga amanata. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari."

Jama'a suka amsa da amin, muryar Likita daga cikin ɗaki ta fi ta kowa ƙarfi.