Zanen Auren Wening

"Ko yau, ko mu janye maganarmu!"

Muryar Bu Sumirah, wato Mama Sumirah, mahaifiyar Galih saurayin Wening, ta cika tsakar gidan, har kajin da ke kiwo a gindin ayaba suka watse. Wening ta ƙanƙame zanen da ke hannunta. Tun safe tukunya ke tafasa bisa murhu, sai ƙara mata ice take yi, amma ta kasa jefa komai a ciki.

"Bu, ki yi haƙuri... saura kaɗan."

"Saura kaɗan! Da azumi saura kaɗan, da babbar salla saura kaɗan. Sau biyu ana ɗaga bikin nan, Nduk, 'yata. So kike ɗana ya tsufa a gaban tukunyarki?"

A gidan su Wening amarya ce ke yin zanen aurenta da hannunta, biyu iri ɗaya, nata da na ango. Za ta yi zanen furanni da narkakken kaki, a rina, ta sake rufewa da kaki, a sake rinawa, daga ƙarshe a tsoma a tafasasshen ruwa kakin ya narke, sannan ne ake ganin abin da aka yi. Kaf unguwarsu a garin Lasem babu mai hannun Wening, in dai aikin wasu ne. Nata na kanta kuwa ba ta taɓa ƙarasa ko ɗaya ba. Ga su nan jibge a kabad da kakinsu, abin haushi.

Laras, 'yar aminiyar Bu Sumirah, wadda ta daɗe da sa ido a kan Galih, ta zaro wata leda tana murmushin mugunta.

"Mbak Wening, yayata, ga wannan na sayo a kanti. Bugun inji ne, amma dai shi an gama shi."

Kafin Wening ta sami bakin magana babur ya tsaya a ƙofa. Galih ne, hannunsa duk baƙin mai, daga gyaran injin jirgin masunta yake. Kallo ɗaya ya yi musu ya gane. Ya yafito Wening zuwa bayan igiyoyin shanya.

"Dik, kalle ni," ya ce, da sunan lelen da yake kiranta da shi.

Ta kasa.

"Tambaya ɗaya zan yi miki, kuma kada ki ji tausayina. Zanen kike tsoro, ko ni?"

Hawaye suka zubo mata. Ita ma tambayar da ta hana ta sakat ke nan. Tana sonsa, wannan ko a mafarki ba ta musu. To me ya sa duk ranar da aka sa biki sai hannunta ya mutu?

"Ban sani ba, Mas... wallahi ban sani ba!" Mas take ce masa don girmamawa, kamar yadda ake yi a garinsu.

"Masoyiyata, ki daure ki sani."

"Muddin kakin nan na jikinsa, babu zanen da ya kai shi kyau a duniya," in ji Wening. "Ka ji gaskiyar. A cikin kaina nake ganinsa. Ina tsoma shi, shi ke nan, iyakar abin da hannuna ya iya ne zai fito. In ya fito ba kyau fa?"

"Sai mu sa marar kyau."

"Ba ka gane ba!"

"Ban gane ba kam," ya ce a hankali. "Zanen da ke cikin kanki ba zan iya ɗaurawa ba, Dik. Kuma na gaji da ba Ibu, mahaifiyata, haƙuri. In kin ce in tafi, zan tafi, amma ki faɗa da bakinki."

Jin haka sai ta ɗago ta dube shi. Galih bai taɓa ambatar tafiya ba.

Ba ta san lokacin da ta isa gaban murhu ba. Ta rufe ido, ta yi bisimilla, ta saki zanen.

Kaki ya taso saman ruwa yana kumfa, warinsa ya cika gidan. Ta juya da sanda, ta ɗago, ta ɗauraye, suka baza shi ita da Galih.

Tsuntsaye ne da furanni cikin jan nan na garinsu mai kama da jinin kaza. Amma ko'ina siraran jijiyoyin ja sun ratsa farin. Watannin da ta yi tana ninke shi tana ɓoyewa kafin rini, ashe kakin ya tsattsage, rini ya bi ta tsagar.

Laras ta tuntsire da dariya.

"Ayya! Duk jiran nan a kan wannan?"

Wening ta tsaya tana kallo. Bai kai na cikin kanta ba, ko kusa. Ta jira zuciyarta ta fashe, sai ta ji shiru. Tsuntsun gefen hagu ma ya fi yadda ta zata kyau.

Galih ya fizge zanen, jiƙe sharkaf, ya ɗaura bisa wandon aikinsa.

"Kai, Galih! Ka haukace?" in ji Bu Sumirah.

"Ibu, a sa rana."

Bu Sumirah ta matso, ta kama gefen zanen ta murza, ta daɗe tana duba. Ta taɓe baki.

"Na ga waɗanda suka fi shi."

"Na sani, Bu," in ji Wening.

"To, na ango ke nan. Amarya fa, da me za ta zauna kusa da shi?"

Wening ta share fuskarta da bayan hannu, ta shiga ɗaki ta fito da ɗayan. Ta san shi ma kakinsa a tsage yake, ninki ɗaya ta yi musu.

"Mas, ƙara min ice."