Kunkuru Mai Tabarau

Ranar da Auta ta fara ganinsa, ba fuskarsa ta kalla ba, allon kwamfutarsa ta kalla. Wasu 'yan zomaye ne masu dara-daran idanu suke tsalle a lambu, gwanin sha'awa, sai ɗaya ya zaro wuƙa ya tsarge ɗan'uwansa. Jini ya wanke furanni.

"Innalillahi! Wane mugun ne ya ƙirƙiri wannan gem ɗin?"

"Ni ne," in ji wani dogon saurayi yana sosa ƙeya. "Ke ce mai zanen da za ta mayar mana da shi littafi?"

Tun daga nan sunan Mugu ya bi shi, shi kuma yake ce mata Alƙalamina. Teburi ɗaya kamfanin ɗab'in ya ba su, kullum cikin musu suke. Shi yana son jinin ya ba da dariya, ita tana cewa a gem mutuwa ƙiftawar ido ce, zomo ya faɗi ya tashi, amma a takarda gawa tana nan kwance duk ranar da ka buɗe shafin. Musu dai, musu dai, sai ga shi ya zama so.

Matsalar ita ce Baba, mahaifin Auta. Tsohon ma'aikacin ɗakin tiyata ne, da tabaransa mai karyayyen hannu da ya ɗaure da zare. Ranar da saurayin ya zo gaishe shi, ya nemi a nuna masa sana'ar. Bai gama kallo ba ya ture wayar.

"Rabin rayuwata jini nake wankewa, ban taɓa ganin ya ba kowa dariya ba. Mai irin wannan zuciyar ba zan ba shi 'yata ba."

Auta ta sha kuka har idanunta suka kumbura. Da yamma saƙonsa ya shigo: "Alƙalamina, kar ki yi fushi da Baba. Maganarsa ta tsaya mini a rai. Ki ci abinci don Allah, ina nan, ba inda za ni."

Editan kamfanin kuwa, wanda ya daɗe yana yi mata fara'ar da ta wuce ta aiki, da gwajin bugu ya fito sai ya aika da shi gidansu maimakon ofis, wai kuskure. A hannun Baba ya faɗa.

Auta na shigowa ta tarar da shi a falo, littafin a buɗe a cinyarsa, Umma na raɓe a bakin ƙofa. Ta leƙa shafin. Wani tsohon kunkuru ne da ta zana a lambun zomayen, an raba ƙoƙon bayansa biyu. Girarsa ta Baba ce sak, ga tabarau ɗaure da zare. Wallahi sai yanzu ta gani!

"Kira min saurayin naki," in ji Baba.

Ya zo, ya durƙusa.

"Don na hana ka 'yata shi ne ka sa aka zana ni, aka datsa ni gida biyu?"

Saurayin ya dubi shafin, ya dubi Auta, ya sunkuyar da kai. "Ni na duba shafin na amince da shi, Baba. Laifina ne."

"Ba shi ba ne!" in ji Auta. "Ni ce, Baba. An ce in zana tsohon da kowa a lambun yake ƙauna, hannuna ya je ya ɗauko fuskar da ya fi sani. Ban lura ba."

"To ƙaunar ke nan? A yanka ni a yi dariya?"

"Ka juya shafin, Baba."

Baba ya gyara zaman tabaransa. Can ya lashi yatsa ya juya.

Shafi biyu ne, babu ko kalma ɗaya. Zomayen sun zubar da wuƙaƙensu, sun kewaye tsohon, wannan na goge masa fuska, wancan ya rungume tabaran yana kuka.

"A gem ɗin dariya ake yi a nan, kunkurun ya tashi a ci gaba," ta ce a hankali. "Washegarin ranar da ka kore shi ya ce in sake. Edita ya ce yara ba za su saya ba, shi kuma ya ce in ba haka ba a fasa littafin."

Baba ya cire tabarau ya goge idonsa da bakin riga. Ya koma shafin baya, ya ƙura wa kunkurun ido.

"Wuyana bai kai haka tsawo ba," ya ce. Umma ta toshe baki. Ya juya ga saurayin. "Tashi, ƙafarka za ta sage. Ka ce wa mahaifinka ina son ganinsa."

Littafin ya riga bikin fitowa da kaɗan. Ranar da za a kai Auta ɗakinta, Baba ya kama hannunta na dama ya sa a na mijinta.

"Ga ta nan, ka riƙe min ita da tausayi. Allah Ya yi muku albarka, Ya zaunar da ku lafiya, Ya ba ku masu jin ƙanku."

Suka ce amin, Auta na kuka tana murmushi.